Kafin Ka Ba Mai Fulawa Aikin Gidanka

Sau da yawa sai mai sabon gida ya gama fenti, an shimfiɗa intalok, saura mako guda a tare, sannan yake lura cewa farfajiyar fayau take. Nan take sai a aika a kira mai fulawa na bakin titi, a ce masa ya ƙawata wurin kafin Juma'a. Shi kuwa ba zai ƙi ba. Ya ciko kura da shuke-shuke kore shar, ya jera su, a biya shi, 'yan ganin gida su yi ta sa albarka. Kafin ruwan fari ya sauka rabinsu sun bushe, ciyawar ta koma kamar tsohuwar tabarma, mai gida na cewa an cuce shi, mai fulawa na cewa ai ba a ba su ruwa ba.

A ƙasar da ruwan sama ke sauka wata huɗu ko biyar kacal, watan Afrilu ne alƙalin aikin shuka. Abin da ya tsallake bazarar farko shi ne ainihin abin da ka saya da kuɗinka. Don haka tun daga zaɓen wanda zai yi aikin har zuwa biyan cikon kuɗinsa, da wannan ma'auni ya kamata ka auna komai.

Fara da lissafin ruwa

Tun kafin ka kira kowa, ka san wanda zai riƙa ban ruwa da kuma inda ruwan zai fito. A Kano da Katsina da Sakkwato damina kan kankama a watan Yuni, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Sauran watannin duk abin da ka shuka a wuyanka yake. Abuja da kudancin Kaduna sun fi samun sauƙi, tunda ruwa kan fara a Afrilu ya kai Oktoba, amma su ma suna da nasu ranin.

Ciyawa ce ta fi komai sha. A tsakiyar bazara murabba'in mita ɗaya na ciyawa na buƙatar kamar lita 5 zuwa 7 a kullum. Ke nan fili mai faɗin mita 5 da tsawon mita 10, wanda ba wani babba ba ne, zai lashe lita 250 zuwa 350 a yini, wato jarka 10 zuwa 14 ta mai lita 25. Wanda ya dogara da 'yan ga-ruwa, kusan kura guda zai riƙa saya kullum saboda ciyawa kaɗai. Mai rijiyar burtsatse ma sai ya lissafa wutar da za ta ja ruwan zuwa tanki, ya kuma ɗanɗana ruwan. In yana da zartsi, ko yana barin farin busasshen gishiri a bakin famfo, ka gaya wa mai aikin tun farko, don akwai furannin da ba sa jure shi.

Bayan ruwa sai ƙasa. Yawancin sababbin gidaje da marmara aka cike su, ga kuma ɓaraguzan bulo da ragowar siminti da magina suka binne. Haƙa rami mai zurfin gwiwa a inda kake son shuka, ka cika shi da ruwa da yamma. In gari ya waye ruwan na nan kwance, wurin ba ya tsotsewa, saiwa za ta ruɓe a watan Agusta. In kuwa nan da nan ya ɓace, jigawa ce, sai an ƙara mata taki sosai kafin ta riƙe danshi.

Daga nan ka zagaya gidan da takarda da biro, ka sa alamar inda sokawe yake, da hanyar bututun ruwa, da wayar wuta ta ƙasa da ta sama, da rijiya, da kwata. Ka lura da bangon da ranar la'asar ke duka, don nan ne wuri mafi zafi a gidan. Ka tuna da awaki da kaji da ragon layya, ka tuna da yara. Uwargida ta fi ka sanin inda ake shanya da inda ake girkin biki, saboda haka da ita za a yi wannan zagaye.

Wa ya dace ka ɗauka?

Masu wannan sana'a iri uku ne. Akwai mai wurin reno, wanda ke tsirar da dashe a leda yana sayarwa a gefen titi ko bakin rafi. Akwai gadina mai aikin jinga, wanda ke haƙa rami, ya dasa, ya yi aski. Akwai kuma kamfani mai zana taswirar farfajiya, ya kawo kaya da ma'aikata, wani lokaci har da bututun ban ruwa da fitilu. Ga gida mai fuloti guda, mai wurin reno da ke da yaran aiki ya wadatar. Kamfani ya fi dacewa da babban gida, ko makaranta, ko rukunin gidaje. Wanda za ka yi hattara da shi shi ne dillali, wanda ba shi da wurin reno, ba shi da ma'aikata, sai waya cike da hotuna. Shi la'adarsa yake nema, in shuka ta mutu ba inda za ka same shi.

Hoto ba shaida ba ne, tunda kowa na iya kwaso shi daga intanet. Ka ce masa: "Malam, kai ni gidan da ka yi wa aiki bara." Gani ya kori ji. In da hali ka je da rani, ka kuma gaisa da mai gidan ko mai gadinsa, ka tambaye su ko mutumin ya taɓa waiwayar aikin bayan an sallame shi. Wata alamar kuma tana bayyana ranar da ya fara zuwa gidanka. Gwani zai tambayi ruwa, ya tona ƙasa da hannunsa, ya ɗaga kai ya dubi wayar wuta, har ya hana ka wani abin da kake so. Wanda duk abin da ka faɗa sai ya ce "an gama, ranka ya daɗe," ciniki kawai ya zo yi.

Game da itatuwan marmari, akwai wuraren da ya kamata ka tuntuɓa ko da wani ne zai dasa maka. Cibiyar NIHORT mai binciken kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, wadda hedikwatarta ke Ibadan, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Cibiyar NIFOR na da tashar binciken dabino a Dutse. Akwai Kwalejin Tarayya ta koyar da aikin lambu a Daɗin Kowa ta jihar Gombe, da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Jos. Ma'aikatun muhalli na jihohi ma kan raba dashen itatuwan inuwa da damina.

Yadda ake duba dashe

Kada ka yarda a zaɓo maka a kawo. Ka je wurin renon da ƙafarka, ka zaɓa, a ware maka gefe.

Ɗaga ledar tukuna. In ta ƙi tasowa saboda saiwa ta huda ta ta kama ƙasa, dashen ya daɗe, kuma za a tsinke masa jijiya wajen cirewa. In an yaga leda ka ga saiwa ta nannaɗe kanta ta zama curi, itacen zai daɗe bai miƙe ba, iska kuma na iya kayar da shi bayan ya girma. Akasin haka ma na faruwa: a yanko reshe a soka a leda, mako bai zagayo ba a sayar maka. Ja shi a hankali. Wanda ya yi saiwa zai turje. Juya bayan ganye ka duba ko akwai fararen ƙwari masu kama da ɓurɓushin auduga, don da dashe guda ake shigo da su su gama gida.

Ka tambayi daga ina aka kawo shukar, kuma yaushe. Furanni da yawa daga kudu ko daga Jos ake ɗauko su. Wanda ya saba da sanyin Filato ko laimar kudu, aka sauke shi jiya a ƙarƙashin rumfa, ba lalle ne ya jure ranar Kano ba. Wanda ya yi wata da watanni a wurin, a fili cikin rana, ya fi aminci. Kada kuma girma ya ruɗe ka. Dashe mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu, mai kaurin jiki, yakan kama ƙasa da wuri har ya wuce dogon da ya yi shekaru a matse cikin leda.

In mangwaro ko lemo kake so, nemi mai aure, ka kuma sa a nuna maka gaɓar auren a jikin karan. Mangwaro mai aure kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, kuma irin da aka ce maka shi za ka samu. Na ƙwallo kan kai shekara 5 zuwa 8, sannan ba tabbas ya biyo uwarsa. Dabino akwai mace akwai namiji, wanda aka tsirar daga ƙwallo ba a gane jinsinsa sai ya yi huda bayan shekaru. Gwanda ma akwai namijinta da ba ya 'ya'ya, shi ya sa ake dasa biyu ko uku a bar wadda ta yi 'ya'ya.

Kowane itace da mazauninsa

Kuskuren da ya fi tsada shi ne sa babban itace kusa da gini, don sai bayan shekara biyar ko goma yake bayyana, lokacin da katanga ta tsage ko sokawe ya toshe. Durumi da ceɗiya da gamji itatuwan dandali ne da ƙofar fada, saiwarsu na bin danshi duk inda yake, ba su da wuri a ƙaramin gida. Mangwaro da maɗaci da darbejiya a ba su tazarar aƙalla mita 8 daga gini da sokawe. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai wuce mita 15 da 30 ba, ke nan babban itace ɗaya ko biyu kawai zai ɗauka. Darbejiya, wadda aka fara dasawa a Borno a 1928 har ta zama inuwar titunan Maiduguri, ba ta da na biyu wajen jure fari, amma ta fi dacewa da ƙofar gida. Ambarela na da kyan tsari da saurin girma, sai dai saiwarta a sama-sama take tafiya, tana ɗaga intalok. Itacen turare na shan ruwa da yawa, rassansa kuma na karyewa da iskar farkon damina.

Cikin gida ƙananan itatuwa sun fi: gwaba, lemun tsami, rumman, fasadabur, zogale, gwanda. Tazarar mita 2 zuwa 3 daga bango ta ishe su. Maskared, dogon nan siriri da ake jerawa a jikin katanga, ba ya cin wuri, amma yana son ruwa da rani. Bogenbiliya ta fi kowa son rana, kuma ta fi yin fure in ba a cika mata ruwa ba. Ƙayarta ce kawai za ta sa a nisanta ta daga hanyar yara. Iksora kan yi ɗorawa-ɗorawa a ƙasar da ta gauraya da siminti. In shinge kake so wanda ba zai wahalar da kai ba, ga lalle nan, mata ma su amfana da ganyensa.

Gidan da ke da ƙananan yara ko dabbobi sai an tace. Oliyanda daga ganye har fure guba ce. Ƙariya na da kyan fure da jure fari, amma ruwan jikinta dafi ne. 'Ya'yan bini-da-zugu kan ja hankalin yara, kuma suna sa amai da gudawa mai tsanani. Difenbakiya, mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ake ajiyewa a falo, tana kumbura bakin yaron da ya tauna ta.

Ciyawa kuwa, ƙiri-ƙiri ta fi jure rana da takawa, ko ta bushe tana farfaɗowa da ruwan fari. Ta kafet ta fi laushi da jure inuwa, ta kuma fi buƙatar ruwa. Ta roba ba ta shan ruwa, amma da tsakar rana ba ta takuwa don zafi. In ruwanka kaɗan ne, rage filin ciyawar, ka cike saura da tsakuwa da tukwane. Mai zaman haya ma tukwane ne nasa, don ranar tashi da kayansa zai tafi. Tukunyar ƙasa ta fi baƙar roba sanyaya saiwa, kuma kowace iri ce sai an huda gindinta.

Itacen ƙofar gida na da nasa sharuɗɗan. Kada ya zo ƙarƙashin wayar wuta, kada ya toshe kwata, a kuma shaida wa maƙwabci. Sai an kewaye shi da keji ko bulo, in ba haka ba awakin unguwa za su gama da shi a yini guda.

Ciniki da yarjejeniya

Karɓi farashi daga mutum uku, kowanne a rubuce, kuma a rarrabe: kuɗin dashe daban, na ƙasa da taki daban, na mota daban, na aiki daban. Wanda ya ba ka jimilla guda dunƙule, ka ce ya warware ta. Kada ka ruga wajen mafi sauƙi, araha ba ta ado. Yawanci a zurfin rami da yawan taki ake rage maka, inda ido ba ya gani.

Takardar ta ƙunshi sunan kowace shuka da adadinta da tsawonta, da girman ramin da za a haƙa, da irin takin da za a sa, da ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai kwashe shara. In za a kawo baƙar ƙasa, a faɗi girman tifar, tunda tifa suna suka tara, kuma wani naka ya tsaya lokacin juyewa. Damƙi ƙasar ka duba: in cike take da 'ya'yan aya-aya, ka sayo wa kanka noman da ba ya ƙarewa. A kuma tsayar da lokutan da ma'aikata za su shiga cikin gida, don mutanen gida su kimtsa.

Biya kashi-kashi. Tsarin da ya fi kare kowa shi ne kamar kashi 40 cikin ɗari kafin alƙalami don sayen kaya, kashi 40 ranar da aka gama dashe ka ƙirga ka ga sun cika, sauran 20 kuma bayan wa'adin da kuka yanka, misali wata uku, tare da sharaɗin zai maye duk wadda ta mutu. Adalci kuma shi ne, ba za ka ɗora masa alhakin shukar da ka bari da ƙishirwa ba. Saboda haka ko dai kulawar wannan wa'adi ta zama a hannunsa da ladan wata-wata, ko ya rubuta maka yadda za a riƙa ban ruwa, ya riƙa leƙowa duk mako biyu. Ku sa hannu gaban shaida, kowa ya riƙe kwafinsa.

Ranar dashe

Lokaci mafi kyau shi ne bayan damina ta zauna, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli a Kano da maƙwabtanta, Mayu zuwa Yuni a Abuja. Itacen zai samu wata biyu ko uku yana kafa saiwa da ruwan Allah. Mai wadataccen ruwa na iya dashe da hunturu, sai dai girman zai yi nawa. Maris da Afrilu a bar su, ko da biki ya matso; a yi ado da tukwane kafin ruwa ya sauka.

Ka tsaya a kan aikin, ko ka wakilta wanda ya san abin da zai duba. Ramin itace ya kai ƙafa biyu a faɗi, ƙafa biyu a zurfi, a kwashe duk ɓaraguzan da ke ciki. A gauraya kashi ɗaya na taki da kashi biyu ko uku na ƙasar sama. Takin ya zama ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi ya daina wari da zafi. Ɗanyen kashin kaji na ƙona saiwa, ɗanyen kashin shanu kuma na kiran gara. An fi so a cike ramin a jiƙa shi ya kwana bakwai ko fiye kafin a dasa.

A yi dashen da yamma. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an farfasa ƙasar da ke riƙe da saiwa ba. Ma'aikaci mai gaggawa kan binne har da ledar. Kada a nutsar da karan fiye da yadda yake a leda, gaɓar aure kuma ta kasance a sama da ƙasa. A danna gefe-gefe, a yi masa ɗan gurbi mai riƙe ruwa, a shayar da shi sosai nan take. A rufe gurbin da busasshiyar ciyawa, amma a bar tazarar yatsu huɗu daga karan saboda gara. In za a kafa masa sanda, da tsumma za a ɗaure sako-sako, waya na shiga jikin itace. Inda akwai intalok ko daɓen siminti, a bar wa kowane itace buɗaɗɗen fili na aƙalla mita guda. Takin zamani irin NPK 15-15-15 sai bayan mako huɗu zuwa shida, ɗan kaɗan, nesa da karan. Maganin gara kuwa ya zama mai lambar NAFDAC, a nisanta shi daga rijiya da kaji da yara.

Bayan an miƙa aiki

Mako biyu zuwa uku na farko a shayar kullum, da sassafe ko bayan la'asar, sai ranar da aka yi ruwan sama. Daga nan itace ya fi son a ƙosar da shi sau biyu ko uku a mako, don saiwarsa ta nutsa ƙasa neman danshi. Yayyafin kullum na sa saiwa ta tsaya a sama, bazara na zuwa ta ƙone. A watan Agusta a sassauta, a kuma tabbatar ruwa ba ya kwanciya a gurbi ko a farantin tukwane, don nan sauro ke ƙyanƙyasa. Ruwan alwala da na wanke kayan miya na da amfani, a karkata shi gindin itace. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa a kai shi kwata. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure a cire shi, in an bar shi zai rinjayi irin da ka saya. Shinge kuma a riƙa yi masa aski a kai a kai, a share ƙarƙashinsa, kada ya zama maɓoyar maciji.

Aikin ban ruwa ya zama na mutum guda sananne, mai gadi ne ko wani yaro a gidan, kuma mai fulawar ya nuna masa da hannunsa kafin ya tafi. Ranar da wa'adi ya cika, ku zagaya tare da takardar a hannu, ku ƙirga, ya maye gurbin waɗanda suka mutu, kai kuma ka cika masa kuɗinsa ba tare da ja-in-ja ba. Wanda ya cika alkawari ka riƙe lambarsa, ka haɗa shi da maƙwabta.

In aljihu bai kai ga yin komai a lokaci guda ba, fara da itatuwa biyu ko uku a daminar bana, ka tsaya musu har su ƙetare bazara. Furanni da ciyawa sa biyo baya in ka ga ruwanka zai ɗauke su.